Masu Nuna wa Baƙo Wurin Cin Abinci a Tudun Wada

Tudun Wadar Zariya unguwar baƙi ce tun asali. A zamanin Turawa aka ware ta a wajen ganuwa, daura da Ƙofar Doka, domin 'yan Arewa da suka zo cin arziki amma ba 'yan Birni ba ne, kamar yadda Sabon Gari ta kwashi waɗanda jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu. Wurin da ya saba da baƙo haka, sai ka ɗauka neman abinci ba zai yi wuya ba. Abincin kam yana nan, tun daga wainar asuba har tsiren sha biyun dare. Wahalar tana farawa ne idan ka yi suɓutar baki ka ce, "Don Allah, ina ake samun abinci mai daɗi a nan?" Ni na yi wannan kuskure da na je hutun kwana huɗu daga Kano.

Wanda ya fara cafke ni mai keke ne, wanda mu a Kano muke kira ɗan adaidaita. Ban rufe baki ba ya ce, "Alhaji, shigo kawai, na san wurin." Wurin da mai keke ya sani kullum a ƙarshen gari yake. Na hau a Agoro, muka bi ta PZ, muka wuce Kwangila, sai da na fara ganin allunan Samaru na tambaye shi ko Funtuwa za mu ci abincin. Da muka isa, kafin mai tuwon ta amsa gaisuwata ta dube shi ta ce, "Kai, ka kawo cikon na jiya?" Nan na gane ni ne cikon.

Sai tsohon ɗalibi. Nawa kawuna ne, ya karanta shari'a a reshen jami'a na Kongo da ke Zariya, kuma har gobe yana alfahari yana cikin waɗanda suka yi boren 1978, lokacin da aka ƙara wa ɗaliban jami'a sule biyar a kuɗin abincin yini. Mutumin da ya taɓa fitowa titi saboda abinci, ai ka ce shawararsa abin riƙewa ce. Ta waya ya yi mini kwatance daga Abuja: in bi bayan makarantar, zan ga wata ƙatuwar darbejiya, a gindinta akwai mata mai shinkafa da wake da manja, in ce shi ya turo ni. Na je. Babu darbejiya, babu mata, sai wani yaro a cikin kes yana cajin waya yana POS. Da na kira Kawu na shaida masa, shiru ya yi kamar an yi masa rasuwa, sannan ya ce, "Ƙasar nan ta lalace." Na lura ba shinkafar yake kewa ba, shekarunsa ashirin yake nema a gindin bishiyar, ya aike ni in ɗauko masa.

Ɗan waya kuwa ba ya tambayar kowa, taurari yake ƙirgawa. Ya ji an ce masu zuwa hutu tsibiran Bahar Rum, irin su Malta da Kirit, sai sun duba abin da wasu suka rubuta kafin su zauna cin kifi, shi ma ya ɗauko ɗabi'ar ya kawo Tudun Wada. To mai wainar da ta fi kowa iyawa ba ta da allo, ba ta da suna a taswira, mijinta ma ba zai yarda a saka ta ba. Taurarinta su ne yaran da suka yi layi da kwanuka a ƙofar zaure tun kafin a sallame sallar asuba, kuma kafin rana ta ɗaga an kife tanda. Shi kuma ɗan wayar yana can wani wuri mai fitilu ja da kore, an kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ya hana kowa sa hannu sai ya ɗauki hoto ta sama, ya ɗauka ta gefe. Kafin a yi bismilla man shanun ya daskare.

Akwai mai ƙa'ida, wanda duk inda ya je dokarsa ɗaya ce: a ci inda direbobi ke ci. Ban ce ƙarya yake ba, domin tukunyar da ake kwashewa da sauri ba ta kwana. Amma direban da ya taso daga Legas zai Sakkwato ba daɗi ne gabansa ba, malmalar da za ta riƙe shi har Gusau yake nema. Na bi shawarar sau ɗaya, na wuni a kwance.

Mai tsoron ciki ba sai na daɗe a kansa ba. Yana yawo da ruwan gora, yana goge cokali da hankici, yana tambaya ko da ruwan famfo aka wanke kabeji. Bayan isha'i ka same shi wurin mai tsire yana dangwalar yaji daga tsohuwar takarda, har yana lasar yatsa.

A cikinsu duka mutum ɗaya ne bai ɓata mini lokaci ba, wani dattijo mai goro. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ka je Shagalinku," ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

Ɗan rakiya shi ne gwani, kuma na sara masa. Ba ya kwatance, ya ce lungunan suna da rikici, gara ya kai ka da kansa. Kun zauna ka ce a kawo biyu, sai ya ɗaga hannu: "A'a wallahi, yallaɓai, yanzun nan na tashi daga kan abinci." Ka matsa, ya ƙi. Ka sake matsawa, ya ce to sai dai ya taya ka loma ɗaya don kada ka ci kai kaɗai. Ya wanke hannu har gwiwar hannu, wanda tun daga nan ya kamata mai hankali ya farga. Shi ya san tukunyar da ake ɓoye ganda, shi ya san sunan yarinyar da ke zuba miya, shi ke cewa a ƙaro wa baƙo nama, naman kuma ya sauka a gefensa. Da aka kawo lissafi sai wayarsa ta yi ƙara, ya fita amsawa.

Na ƙarshe Bazazzagi mai kishin fate. Da ya ji harshena na Kananci ya gyara zama, domin wasan da ke tsakaninmu da Zage-zagi ya girmi kakanninmu. Ya ce mu mutanen gurasa da garau-garau me muka sani game da abinci. Ya shiga lissafa mini yadda ake yi: tsakin masara, a wanke shi tas, a zuba a ruwan da ya sha kayan miya da daddawa, a kawo dakakkiyar gyaɗa, sannan yakuwa da alayyafo da gauta a ƙarshe don kada su mutu, a sha da zafinsa ana gumi. Na ce to a ina zan saya. Ya dube ni kamar na tambayi inda ake sayar da uwa. Ya ce fate na gaske ba ya zama a kanti, sai cikin gida.

Haka kuwa aka yi. Daren da zan koma na shiga sallama da mahaifiyar abokin da ya sauke ni, ashe labari ya riga ni isa cewa kwana huɗu ina bin gari ina sayen abinci. Ba ta amsa gaisuwata duka ba. Ta ce, da Zazzagancinta da ba ruwansa da mace ko namiji, "Miyan gidan nan ya ƙare ne, ko ni ne na mutu?"

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, gudun ɗora muku nauyi ne."

"Nauyi. Kai, kawo masa tabarma."

Cikina cike da balangun da na ci ko awa ɗaya ba a yi ba, aka dire mini kwanon samira fal da fate, tururi na tashi, an yanka ɗanyar albasa a kai. Ta zauna a bakin ƙofa ta sa mini ido. Na kai cokali na uku ke nan, ina tunanin ta inda sauran zai shiga, sai na ji sallama daga zaure, muryar da na sani. Yana cewa shi fa a ƙoshe yake, wucewa kawai ya zo yi.