Sai Kai, Dokta Mai Jaka!

Allah ya ja zamanin Dokta mai jaka, gwanin da ba ya fashin kara ranar kasuwar Talata Mafara. Waɗansu sai sun kwashe shekara 6 a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi musu rajista, kafin a ce musu likita. Waɗansu na can Bakura, a kwalejin noma da kiwon dabbobi, suna fama da littafi. Namu kuwa babur da jaka da sirinji ɗaya suka ishe shi. Sarautar ma da kansa ya naɗa abarsa.

Ku dubi baiwa! Ba ya wahalar da dabba da awon zafin jiki, balle ɗibar jini. Kallo ɗaya zai yi ya ce, "Alhaji, hanta ce." Saniya mai sammore, hanta ce. Akuya mai zawo da majina, hanta ce. Karen farautar da aka goyo tun daga Maradun yana ƙin abinci, shi ma hanta ce. Maganin ma ɗaya ne, ruwan kwalbar nan mai launin zuma da ake kira LA. Yawan da zai zuƙa kuwa ba nauyin dabba ke yanke shi ba, nauyin aljihun mai ita ne.

Ga adalci. Allurar da ta fito daga wuyan bijimi ita za ta shiga cinyar rago, ta zarce zuwa kare, sai dai ya goge bakinta da gefen riga. Ciwon da wani ya zo da shi, kowa sai ya samu rabonsa. Ba ya kuma tayar wa makiyayi hankali da zancen a dakata da shan nonon saniyar da aka yi wa allura, don haka maganin ke biyo ƙwarya har cikin furarmu.

Inda ya fi burge ni shi ne riga-kafin haukan kare. Masanan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, sun ce ruwan riga-kafi sai da sanyi, in ya sha zafi ya mutu. Dokta ya fi su sani: a kan tankin babur yake ɗora nasa, a ranar watan Afrilu. Mai kare ya biya, ya koma gida hankali kwance, ya saki 'ya'yansa suna wasa da karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari ta cizon kare, kuma da yawansu yara ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.

Mussar da ke tsare wa uwargida rumbu daga ɓera kuwa, rabin ƙwayar Panadol yake ɗura mata, alhali guba ce ga kyanwa. In ta mutu ya ce kwana ne ya ƙare. Wa zai ja da wannan?

A yaba wa waɗanda suka share masa fage. 'Yan bindiga sun tare hanyoyin ƙauyuka, likitan gaske bai iya zuwa rugage. Hukuma ta ga jakar ta kau da kai. Mu kuma muka ce araha muke so.

Ɗan'uwa, kafin allura ta taɓa dabbarka, nemi shaidar rajistar mai ita, ka kuma ga daga inda ya ciro riga-kafin. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ko da Dokta ya rantse ya yi wa karen allura.