Haruffan da Aka Zana wa Kare

A 1994 wani ma'aikacin Microsoft, Vincent Connare, ya ga karen zane a cikin manhajar Microsoft Bob yana magana da haruffan Times New Roman, irin na jarida. Abin ya dame shi. Kare dai ba alƙali ba ne, me ya haɗa shi da rubutun manya? Sai ya zauna ya zana wasu haruffa 'yan karkatattu, yana kwaikwayon rubutun hannu na littattafan labarin zane. Aka raɗa musu suna Comic Sans.

Abin dariyar, karen bai ma samu ya yi amfani da su ba, don ba su shiga manhajar ba. Mutane ne suka wawashe. Katin biki, sanarwar asibiti, takardar kora daga aiki, har kan kabari an gan su. Masu zane-zane suka yi ta kumfar baki, wasu har suka kafa gangamin a haramta su. Ko a jikin jama'a.

Ni dai ban ga laifin haruffan ba. Wanda ya sa kayan sallar yara ya tafi zaman makoki, shi za a tambaya, ba tela ba.

Ranar 4 ga Yuli, 2012, a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, masaniyar kimiyya Fabiola Gianotti ta tashi bayyana gano ƙwayar Higgs, wadda masana suka shafe shekaru kusan 50 suna nema. Da Comic Sans ta rubuta bayanin, kuma ba wanda ya iya hana ta.