Yadda Za Ka Noma Attaruhu a Kicin Ba Tare da Ka Taɓa Fartanya Ba

Da farko ka nemi kuɗi. Na'urar nan da ake ɗorawa a kan kanta, irin su AeroGarden ta Amurka, mazubin ruwa ce kawai da ɗan famfo a ciki da fitila a sama, amma kuɗinta zai daɗe yana saya maka cefane a kasuwar 'Yankaba. Idan uwargida ta tambaya, ka ce mata jari ne, ka yi maza ka canja zance.

Ka tura irin cikin ɗan soson da aka tanada, sai ka jira. Attaruhu akwai yanga. Yakan kai mako 2 zuwa 4 kafin ya leƙo, kuma sai da ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. Kada ka riƙa tono shi kana dubawa ko yana raye.

Tunda babu ƙasa, abincinsa takin ruwa ne da za ka riƙa aunawa kana zubawa. Tsamin ruwan ma da ƙa'ida: awon da ake kira pH ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, in ba haka ba saiwar ta ƙi cin takin, ganye ya yi ɗorawa. Kai da rabonka da awon hawan jini har ka manta, yanzu ga ka kullum da asuba kana auna lafiyar ruwan barkono.

Fitilar tana son awa 14 zuwa 16 a kunne kowace rana. To, a nan ne zancen wuta ke shigowa. Idan unguwarku irin tamu ce, sai dai sola, ko ka tada janareto saboda shuka yara na bacci cikin zufa. Famfon dai ana iya haƙura da shi, domin wani masani a Jami'ar Hawai mai suna Kratky ya nuna cewa idan ka bar tazarar iska tsakanin ruwa da gindin shukar, saiwar za ta yi numfashinta. Fitilar kuwa bai ce a yafe ta ba. Ka kuma rufe mazubin ruf, don haske na kawo gansakuka, buɗaɗɗen ruwa kuma na kawo sauro.

Da fure ya fito, babban aiki ya zo. A gona iska da ƙudan zuma ke yin barbara. A kicin kai ne zumar. Ka ɗauki tsinken goge kunne ka bi furannin ɗaya bayan ɗaya kana shafawa, ko ka girgiza reshen a hankali. Ka fara kulle ƙofa tukuna, don idan surukinka ya shigo ya same ka a haka, babu bayanin da zai wanke ka. Furen na iya zubewa duk da haka, ko don zafi ya yi yawa, ko don ka cika masa takin da ke sa ganye. Idan attaruhun ya yi tsawo ya fara tokarar fitila, ka datse shi ba tausayi.

Bayan wata 4 ko fiye, sai girbi. Mai yiwuwa ya isa miyar kwana biyu, amma ka ɗauki hotonsa daga kusa yadda zai cika waya. Kada kuma ka raina shi don a gida ya tashi: yajin attaruhu kan kai 100,000 zuwa 350,000 a ma'aunin Scoville, kuma sinadarin yajin ba ya bin ruwa. Idan baki ya kama, ka nemi nono. Hannu kuwa ka murza shi da man gyaɗa da sabulu kafin ka tashi alwala, in ba so kake liman ya ɗauka tsoron Allah ne ya sa ka hawaye a sahun gaba ba.