Nasiha Ga Mai Niyyar Shuka Tafarnuwa A Bayan Ɗaki

Duk magidancin da ya gaji da jin uwargida tana cewa a ba yaro kuɗi ya sayo tafarnuwa, har zuciyarsa ta raya masa cewa ɗan filin nan da ke tsakanin rijiya da katanga ya isa ya raba shi da mai kayan miya, lalle ya wajaba ya saurari wannan nasiha kafin ya ɗauki fartanya, domin manoman Wurno da Goronyo, waɗanda suka gaji sana'ar nan kaka da kakanni, ba da kyakkyawar niyya kaɗai suke cika buhuna ba.

Sharaɗi na farko shi ne lokaci. Tafarnuwa 'yar hunturu ce, ana binne ta daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da damina ta ɗauke, sanyi ya fara leƙowa. Wanda kuwa ya yi kasala har bazara ta kawo jiki, sa'an nan ya shuka, ya ce ya yi tawakkali, to, ya sani zai sami ladan ban ruwa da ɗan ganye, amma kan tafarnuwa kam sai wata shekara.

Sharaɗi na biyu shi ne iri. A nemi dunƙule mai tauri na tafarnuwar gida, kada ƙatuwar farar nan da ake kawowa daga ƙasar Sin ta ruɗi ido, don ba ta saba da zafinmu ba. A ɓare shi dab da ranar shuka, a zaɓi manyan ƙwayoyin gefe, a bar musu ɓawonsu. A nan fa ake samun saɓani mai tsanani, domin uwargida tana da nata ijtihadin, cewa manya haƙƙin tukunya ne, ƙanana su ne rabon ƙasa, alhali kuwa ƙaramar ƙwaya ƙaramin kai take haifarwa. Tun da ba a taɓa jin maigidan da ya ci wannan muƙabala da hujja ba, abin da ya fi maslaha shi ne ya adana irinsa a cikin akwatin da yake ajiye babbar rigarsa ta Salla, ya haƙura da abin da jama'a za su shaƙa ranar Idi.

Bayan haka sai a kafce ƙasa ta yi laushi, a gauraya ta da takin da ya riga ya ruɓe, a yi fangali inda rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya. A tura kowace ƙwaya zurfin santimita 3 zuwa 5, tsini sama, gindi ƙasa, a bar tazarar santimita 10 tsakaninta da 'yar'uwarta. Saiwarta ba ta nisa, saboda haka tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma ba ta iya kokawa da ciyawa, sai a riƙa cirewa da hannu. Mai yawan alherin da ke tuttula mata guga safe da yamma kuwa, ruɓa ce sakamakonsa.

Abubuwan da ke warware wannan aiki uku ne: kazar gida, wadda ta ɗauki kowane sabon fangali wakafi ne aka yi dominta, da akuyar maƙwabci, wadda ko ba ta ci ba sai ta tattake, da kuma shi kansa maigida, wanda ya fi su ɓarna nesa ba kusa ba. Domin kaza da akuya shingen ƙaya yana maganinsu, amma mutumin da ke fitowa kowace asuba ya tone gindi guda, wai ya ga ko ta fara kai, ya mayar ya danne, babu shingen da ke tsare shi face haƙuri, tun da tafarnuwa ganye take fara tarawa, sai can ƙarshe take waiwayar kai.

Idan ta yi wata 4 zuwa 5, ganye ya soma yin rawaya yana kwanciya, a ɗauke mata ruwa kamar mako 2, sa'an nan a sassauta ƙasa a cire ta a hankali, a ɗaure dami-dami, a rataye a inuwa mai iska har ta bushe. Malaman Malikiyya ba su wajabta zakka a kan kayan lambu irin wannan ba, sai dai matan unguwa suna da nasu nisabin, kuma jakadunsu yara ne masu ladabi, kowa da "wai in ji Inna, a sam mata ƙwaya biyu, mura ke damun ta". A ware irin baɗi tun kafin labari ya ƙetare zaure.

Daga ƙarshe, tun da ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa an hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci, kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana umurni da a kashe warinta da dahuwa, ya kamata manomi ya danne zumuɗin ɗanɗana amfanin gonarsa ranar Juma'a. In kuwa ya ƙi ji, ya tauna ɗanya ya tafi, to, zai ga jama'a sun buɗa masa fili a cikin sahu irin wanda ko hakimi ba a buɗa wa, kuma kada ya kuskura ya zaci girmamawa ce.