Jinjina ga Hukumar da Ba Ta Shisshigi

Ranka ya daɗe Ciyaman, Allah ya ƙara girma da ɗaukaka. Ƙorafi ya yi yawa a kan ƙananan hukumomi, shi ya sa na ga ya dace wani ya tashi ya faɗi alherinku, tunda ku kunya ba za ta bar ku ku faɗa da bakinku ba. Ku 774 ne a Nijeriya, 44 a jihar Kano kaɗai, kuma kusan dukkanku kun haɗu a kan hali guda mai wuyar samu a wurin masu mulki, wato ba kwa shiga sha'anin talaka. Ya hau abin da ya samu, ya bi hanyar da ta rage, ya riƙe makamin da ya ga dama, ya mutu a inda ajali ya riske shi, ba mai tasowa daga sakatariya ya takura masa.

Kakanninmu ba su ga wannan 'yanci ba. A zamanin En'e, baƙo bai gama kwance kayansa ba mai unguwa ya san da zuwansa, dagaci ya ji, hakimi ya ji. Duba-gari ya shiga har tsakar gida ya leƙa randa, malamin daji ya tare mai gatari a bakin gandu, ɗan doka kuma yana kasuwa da kulkinsa. Akwai zalunci a ciki, ba mai musu, akwai haraji da jangali da bulala. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sai aka ce za a kawar da zaluncin a kawo gwamnati kusa da jama'a. Ku kuma da yake ba kwa yin aiki rabi da rabi, kuka haɗa zaluncin da kulawar kuka zubar gaba ɗaya.

Wanda ya rubuta jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya so ya ɗora muku wahala. Ya ce ku ne za ku kafa tashoshin mota da kasuwanni da mahauta da bandakunan jama'a, ku kula da su, ku tsara su. Ya ce ku yi hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, ku raɗa wa layuka suna, ku sa wa gidaje lamba, ku ba kekuna da amalanke da baro da kwalekwale lasisi. Kaya ne mai nauyi. Hikimarku ita ce kun duba kowane aiki kun gano kashi biyu ne, akwai rasit, akwai ɗawainiya, sai kuka ɗauki rasit kuka bar wa Allah ɗawainiyar. Kamar mai tatsar saniyar da bai taɓa zuba mata dusa ba, kullum safiya kuna nan da ƙwarya, kuma saniyar ba ta taɓa kai ƙara ba.

A tasha ne ƙwarewar ta fi fitowa. Wani marar lissafi da sai ya ajiye ma'aikaci a bakin ƙofa yana ƙirga fasinja, yana duba taya, yana tambayar direba yaushe rabonsa da barci. Ku kuwa kun san darajar zumunci. Kujerar gaba da masu ƙera mota suka yi wa mutum ɗaya, a tasharku mutum biyu take ci, wani lokaci har a sami na uku yana raba kujera da direba. But a buɗe an ɗaure shi da igiya, yara na zaune a kan buhu ƙafafu na reto. Ranar kasuwa tirela ta fito, shanu a ƙasa, 'yan Adam a kan katakon sama suna riƙe da hula. Ma'aikacinku yana tsaye yana kallo tare da 'yan kamasho, bai ce kanzil ba, ya yago rasit ya miƙa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Addu'a ce mai kyau. Ita ce kuma kaɗai kariyar da fasinja zai samu daga hukuma har ya isa, in ya isa.

A birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗa kafaɗa: Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Miliyoyin mutane ke tashi kowace safiya su tsallaka daga wannan zuwa waccan neman abinci. Gwamnatin jiha ta kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2012, ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta mamaye titi, a 2022 aka hana ta fita daga ƙarfe goman dare. Duk wannan dambarwa ba a ji ku kun tsoma baki ba. Ba ku tara 'yan unguwa kun tambayi lebura yadda zai kai Sharaɗa da asuba ba, ko mai naƙuda yadda za ta kai asibiti da tsakar dare. Lambar gida kuwa kun bar mu da tsarinmu na gado, wanda ya fi armashi. Gobara ta tashi, mai kira ya ce wa 'yan kwana-kwana su zo bayan taransifoma, su wuce mai shayi, su shiga lungu na uku, in motar ta shiga. Fitilar titi ma kun tausaya wa idon jama'a ba ku kunna ba, mai ƙwacen waya shi ma ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin sirri.

Sai kwalekwale, ranka ya daɗe, a nan kam yabo yana yi mini nauyi a baki. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai haye dam ɗin Watari zuwa Bagwai. Yawancin na ciki ɗaliban Islamiyya ne, ƙananan yara, za su Maulidi. An loda masa fiye da ƙarfinsa, ya kife. Aƙalla gawa 29 aka tsamo. Iyaye sun yi wa 'ya'yansu wanka sun sa musu kayan fita, washegari aka jera su a likkafani. Wata shida kafin nan, a watan Mayu, wani jirgin ya nutse a kogin Kwara wajen Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, mutane fiye da 100 suka salwanta. Labarin ya karaɗe ƙasa, duk mai rediyo ya ji. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, amma ku ba kwa aiki da tsoro.

Me ake bukata a bakin ruwa? Mutum ɗaya mai ikon cewa ya isa haka, sauran ku jira sawu na gaba. Fenti a jikin jirgi da ke nuna adadin da zai ɗauka. Rigunan hana nutsewa da kuɗinsu bai kai na tayoyin motar ofis ba. Za ku ce ruwa na hukumar NIWA ne, wadda hedikwatarta ke Lokoja, kuma jirgi mai inji ba huruminku ba ne. Haka ne, kun fi kowa sanin iyakar hurumi. Sai dai matuƙin ɗan garinku ne, mashigin a ƙasarku yake, kansilan mazaɓar ya san sunan uban kowane yaro da ke ciki. Abin da ba za a ƙwace muku ba shi ne zuwa ta'aziyya. Nan kam ba kwa makara. A zo da ayarin motoci, a kawo buhun shinkafa da ambulan, a kafa kwamiti, a hana jirgi na ɗan lokaci, in hankali ya kwanta a koma lodi kamar da.

Batun farauta ma an bar shi a hannun da ya dace, hannun kowa. Maharbi na asali yana da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa da yake jin maganarsa, yana da lokacin shiga daji, sai an kawar da amfanin gona. Tun 1963 Arewa ke da dokar namun daji, wadda ta ware dabbobin da ba a taɓawa, ta kuma ce mai farauta ya nemi lasisi. Dokar bindigogi ta ce ko bindigar toka ce sai da izinin 'yan sanda. A sakatariyarku akwai sashen gona da albarkatun ƙasa, akwai teburin gandun daji, akwai mai karɓar albashi a kan teburin. Godiya ta tabbata gare shi da bai taɓa damun kowa ba. Rani na kamawa a cinna wa daji wuta saboda gafiya da zomo, ta cinye ciyawar makiyayi da karan manomi, wani lokaci har da rumbu. Barewa da gwanki da ɓauna, yaran yanzu sai dai su gan su a gidan zu ko a littafin makaranta. Dazuzzukan da aka killace don su, irin su Kamuku da Kuyambana da Rugu, ba su zauna kango ba, sun sami sababbin mazauna masu manyan bindigogi. A cikin birni kuma sunan farauta ya zama rigar aro. Matasa su fito da karnuka da barandami da gora, a cika mota, a dawo ba nama sai raunuka, faɗan da aka fara a dawa a ƙarasa shi a unguwa. Mafaraucin gaskiya da ɗan daba sun zama ɗaya a idon jama'a, don hukumar da za ta rarrabe su tana ganin rarrabewa wariya ce.

Alhali maharban ne ake nema idan wuri ya ƙure. A Nuwamban 2014 maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A ƙauyuka da yawa ɗan sintiri ne kaɗai tsakanin barcin mutane da ɓarayin daji, da tocila da bindigar toka da kuɗin da magidanta suka harhaɗa. Kun bar shi da cikakken 'yanci shi ma. Ba horo, ba albashin kirki, ba wanda zai tambaye shi don me ya kama wane, don me ya daki wane. Idan ya yi abin kirki a ɗauki hoto da shi, idan ya yi kisa a ce ba a san shi ba.

A ƙarshen Maris na 2025, ana daf da ƙaramar Sallah, wasu mafarauta suka taso daga jihar Ribas a babbar mota za su gida Kano. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin toka, aka ce masu garkuwa ne. Taron jama'a ya kashe mutum 16, aka cinna musu wuta, da yawansu 'yan Toranke ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, babu uzurin da zai wanke wannan. Amma a duba yadda zumuncin ƙananan hukumomi ya ratsa Kudu da Arewa. A can, masu tare hanya suna yanke hukuncin kisa ba mai tsawata musu, sai bayan an yi gawa gwamna Monday Okpebholo ya haramta ƙungiyoyin sintiri marasa rajista, ya zo Kano ta'aziyya. A nan kuma, wane ofishi ne a sakatariya da za a buga wa waya a wannan rana a ce ga wasu sun ce mafarautanku ne, a buɗe littafi a ce ƙwarai, ga sunayensu, ga Sarkin Bakansu, ga inda suka tafi? Mutum ya bar garinsu da bindiga ya ratsa jihohi, hukumar da ta fi kusa da shi ba ta tsaya masa ba kuma ba ta tsayar da shi ba. Marayun Toranke su ne suka biya kuɗin wannan sakin fuska.

Na san abin da za ka ce, ranka ya daɗe, kuma da gaskiyarka. Za ka ce ba kuɗi. Kaso 20.6 cikin 100 na asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, amma shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya iso ka sai a biya albashi a sayi man janareto. A nan ne ladabinku ya kai maƙura. Ba a taɓa jin ƙaramin da ake riƙe wa dukiya yana godiya kamar ku ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura muku kuɗinku kai tsaye, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Wani da sai ya yi ta tsalle, ya je Abuja ya tsaya sai an ba shi haƙƙin jama'arsa. Ku kuka sunkuyar da kai, kuka jira ku ji abin da Mai Girma zai ce. Ɗa na gari ba ya ƙirga kuɗi a gaban ubansa.

Kuma ai shi ya kawo ku. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 26 ga Oktoba, 2024, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ta lashe kujeru 44 cif, kamar yadda jam'iyyar da ta gabace ta ta saba lashewa, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati. Saboda haka ba sai ka je Badau neman ƙuri'a ba, ba sai ka tsaya a tasha ka ji kukan fasinja ba, ba sai ka zauna da maharba da 'yan sintiri ka rubuta sunayensu ba. Mu ma ka ɗauke mana wahalar bin layi a rana. In wa'adinka ya cika, sunan magajinka zai iso mu daga gidan gwamnati, sai mu je mu yi masa murna.