Geji Uku, Taya Ɗaya

Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar Abuja a 2006, zamanin El-Rufai yana minista, babur ya rabu gida biyu a garin nan. Akwai na neman tuwo, wanda aka kora su Nyanya da Kubwa, akwai kuma na neman suna, mai rugugi kamar hadarin Agusta, wanda ke fitowa ran Lahadi da yamma. Da furfurata da komai na je na sayo irin na biyun, na hannu.

Abokan hawa suna shirin zuwa filin tsere na Evbuobanosa a jihar Edo, sai babbanmu ya zaunar da ni. Ya ce irin babur ɗina a kan titi 36 ake sa wa tayar gaba, ta baya 42, amma a filin tsere ana ragewa zuwa wajen 30, don gudu yana gasa taya, iskar ciki ta kumbura. Kuma da sanyin taya ake awo, kafin a hau. "Ka nemi gejinka na kanka," in ji shi.

Washegari sai Zuba. Mai shago ya baje mini kala uku. Ɗaya kamar biro, in ka danna ya zaro farin harshe. Ɗaya mai fuskar agogo, da guntun tiyo da maɓallin rage iska. Na ukun mai batir ne, lamba yake nunawa. Na tambayi wanne ya fi, ya ce duk orijina ne. Don kada a ce na yi araha ba ta ado, na kwashe duka.

A gida biro ya ce 33. Agogo ya ce 35. Mai batir kuwa bakinsa miƙaƙƙe ne, faifan birki ya tare shi, sai da na ɗaye fatar yatsu biyu kafin ya zauna a kan bawul. Ya ce 2.4.

Gabana ya faɗi. Biyu da ɗigo huɗu! Ashe a kan taya fayau nake ta zuga gudu a hanyar Kubwa. Shi na gaskata, don shi ya fi tsada.

Na turo babur mai nauyin kilo wajen 200, cikin ranar Maris, har bakin titi wajen wani dattijo mai faci.

"Baba, a ɗura mata har talatin."

Ya danna tayar da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da sifana. "Alhaji, tayar nan a ƙoshe take."

Na nuna masa lamba, na ce zamani ya wuce awo da yatsa. Bai yi musu ba, ya ja igiyar inji. Yana ɗurawa ina aunawa: 2.9, 3.4, 3.8. Taya ta yi tauri kamar an ɓanto ta daga dutsen Zuma. Muna kai 4.0 Baba ya kashe inji, ya ɗauki bencinsa ya koma gindin dalbejiya. Mai shayin da ke gefe ma ya fara kwashe kofuna.

"Saura ashirin da shida, Baba."

"In a wannan abin kake son talatin, bari in je in nemi gafarar iyalina tukun."

Yaron shagonsa, wanda bai fi shekara sha biyu ba, ya karɓi gejin, ya danna wani ɗan maɓalli da ban taɓa lura da shi ba. Nan take 4.0 ta koma 58. Ashe da ma'aunin bar yake magana, ni kuwa psi nake nema, kuma bar ɗaya psi 14.5 ne. Wato 435 nake roƙon a ɗura wa tayar da zan ɗora raina a kai. Biro da agogo da yatsan Baba duk gaskiya suka faɗa.

Da maɓallin mai agogon muka sace iskar a hankali, Baba ya caje ni kuɗin ɗurawa da na saukewa. Mai agogon nake riƙewa yanzu: tiyonsa yana lanƙwasa ya kauce wa birki, ba ruwansa da batir, kuma a 60 ya tsaya, don haka 30 tana tsakiyar fuskarsa, inda allura ta fi faɗin gaskiya.

Edo dai ban je ba, don labarin ya riga ni isa wajen uwargida, ta ɓoye makulli sati biyu. Har yau in na gifta ta bakin titin nan, ko da hular kwano a kaina, sai yaron ya ɗaga sifana ya ƙwala: "Alhaji Talatin, a ƙara ne?"