Saba Tana Ƙasa, Mu Muna Bene

A ofis mai bene, irin waɗanda suka cika Jimeta, sau da yawa kwamfutoci ba unguwa ɗaya suke zaune ba. Na ƙasa adireshinsu ya fara da 192.168.1, na sama kuma da 192.168.2, kowace unguwa tana ɗaukar na'ura 254. Kamar Yola da Jimeta ne: birni ɗaya a takarda, amma sai ka hau titi kafin ka isa. Titin nan shi ne rauta. Ranar da 'yan bene suka kasa buɗe fayil a saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, ranar ake sanin halin kowa.

Mai fara magana shi ne Malam Babu-Sabis. Bai ko ɗaga kai ba ya yanke hukunci: kamfanin waya ne. Ka ce masa sabar tana nan ƙarƙashin ƙafarsa, bayanan ba sa ko leƙa intanet, sai ya ce, "To ai shi ya sa." Yana faɗa yana kallon bidiyo a Facebook.

Sai Kashe-Kunna. Maganinsa ɗaya ne tun daga firinta har janareta. Abin haushin, wani lokaci yana dacewa, kuma da wannan dacen zai yi shekara yana tinƙaho.

Injiniya ya fi kowa ban takaici, domin gaskiya yake faɗa. Teburinsa na ƙasa, jikin saba. Hajiya ta akawu ta sauko tana haki, takardar albashi ta maƙale, sai ya juyo mata da allo: "Hajiya, ga shi yana buɗewa a wajena." Ina zai ƙi buɗewa, shi da saba unguwarsu ɗaya? Katangar tsaron Windows, in ba a gyara mata zama ba, 'yan unguwa kaɗai take bari su taɓa fayil, baƙo kuwa ko sallamarsa ba ta amsawa. Haka kwamfutar da ke neman saba da suna: shela take yi, shela kuma ba ta tsallake rauta. Da zai hau bene ya buga ping, ya gwada da lamba sannan da suna, da kafin shayi ya huce ya gano bakin zaren. Amma hawa benen ne ba ya so.

Akwai ɗan bautar ƙasa mai zafin nama. Ya zagaye ofis yana rubuta wa kowace kwamfuta adireshi da hannu, ya bar gurbin ƙofar fita babu komai. Maƙwabta suna ganin juna, kowa ya shi masa albarka, amma ba mai iya fita unguwa. Ya gama shekararsa ya koma garinsu, da lambar sirrin rautar a cikin kansa. Layinsa a kashe.

Gwarzon taron dai shi ne Mai-Rautar-Gida. Ya sayo 'yar rauta a kasuwar Jimeta don wayarsa ta samu waifai, ya soka ta a bango, ya lulluɓe da tulin fayil. Ita kuwa ba ta san a gidan wani take ba, ta shiga raba adireshi irin nata, 192.168.0, ga duk kwamfutar da ta tambaya. Wanda rautar ofis ta riga amsa wa yana aiki, wanda ta gida ta riga ya ɓace. Shi ya sa matsalar take yi wa wannan yau, gobe ta koma kan wancan, har Hajiya ta fara zancen a kira malamai. Shi ne kuma mai yawan cewa, "Wallahi ofishin nan sai addu'a."

Ban ga laifin Baba masinja ba. A watan Afrilu, zafin Yola ya haura digiri 40, soket ɗaya ne a lungunsa. Ya zare wani ɗan akwati mai ƙyaftawa ya saka fanka. Akwatin nan shi ne ya haɗa benen gaba ɗaya.

Daga ƙarshe Oga ya fito. Ya saurari kowa, ya gyaɗa kai, ya ce a rubuto masa takardar sayen sabuwar saba. "Ranka ya daɗe, tsohuwar lafiyarta ƙalau," in ji Injiniya. Oga ya ce a haɗa da firinta biyu.